In Man Shanu Ya Ƙi Narkewa, A Tuhume Shi

A bazarar da ta wuce an kawo wata shawara a taron ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu na gama kai a ƙasar Dambatta, shawarar kuwa ta raba kan jama'a. Matan ƙungiyar sukan sayi ɗanyen man shanu a rugagen da ke kusa, su haɗa da na 'yan shanun da ke turke a gida, in ya taru su aika Kano. To, ran nan cikin watan Afrilu aka ɗora robobi biyu a bayan mota da hantsi. Kafin a shiga birni curin duk ya narke, wani ya tsiyaye ta bakin murfi, sauran ya rabu, mai a sama, ruwa a ƙasa. Mai saye ya duba, ya yamutsa fuska, ya karya kuɗin.

Da aka zo taro sai wani ɗan ƙungiya ya miƙe, ya ce ai wani ɗan kasuwa ya gaya masa maganin abin. A sayo daskararren man nan da masu gidan burodi suke aiki da shi, wanda wasu ke ce wa bota, a narka, a zuba kashi ɗaya cikin kashi biyu na man shanu. Ya ce in an yi haka rana ba za ta narkar da shi ba, kayan zai ƙaru, launi kuma bai canza ba. Wasu suka ce madalla, wasu suka yi shiru, aka ɗage maganar.

Mun ji labarin ba a Dambatta kaɗai ake wannan tunani ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu faɗi ra'ayinmu a fili: kada ƙungiyar da ta yi wannan. Ga dalilanmu.

Dalilin narkewar man shanu

Ido yana ganin man shanu kamar abu ɗaya ne, amma masana da suka bincika sun iske ire-iren maiƙo fiye da 400 a cikinsa, kowanne da zafin da yake narkewa. Ku dubi gonarmu ta gargajiya, inda gero da wake da dawa suke tare. Ba rana ɗaya suke nuna ba. Gero ya fara, dawa ta zo a ƙarshe. Haka maiƙon nono yake. Wani sashinsa ruwa ne ko a tsakiyar hunturu, wani yakan saki jiki da ɗumin ɗaki, mafi taurinsa kuwa sai an kusa zafin jikin mutum. Yawanci tsakanin digiri 32 da 35 a ma'aunin zafi curin man shanu ya gama rushewa, kafin a kai digiri 40 babu sauran ƙwaya ko ɗaya a cikinsa.

Yanzu ku auna da yanayin ƙasarmu. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. Da tsakar rana cikin Afrilu zafin Kano yakan kai 38 zuwa 40 a inuwa, balle a bayan mota. Da asubar Janairu kuwa yakan sauka wajen 13. Ashe man shanun da ya yi tauri da hunturu, ya yi laushi da damina, ya zama ruwa da bazara, halinsa na gaskiya ya nuna. Wanda ya kwana a kasuwar Bichi cikin Afrilu yana nan a dunƙule kamar sabulu, shi ne abin tuhuma.

Wannan hali ne ya sa man shanu daɗi. Da ya taɓa harshe sai ya narke sarai, ƙanshinsa ya tashi, baki ya rage wasai. Abincin saniya ma yana da hannu a ciki. Ɗanyar ciyawar damina tana sa mai ya yi laushi, ya yi rawaya. Kara da harawa da dusar rani suna sa shi fari da ɗan tauri, ƙuli-ƙulin auduga kuma ya ƙara masa tauri. Tsofaffin matanmu sun san duk wannan tun kafin a kawo ma'aunin zafi.

Asalin daskararren man masana'anta

Man gyaɗa da na waken suya da na auduga ruwa ne ko da sanyi. A shekarar 1902 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Normann ya yi rajistar wata dabara ta daskarar da irin wannan mai. Akan zafafa shi cikin tukunyar ƙarfe, a sa garin wani ƙarfe da ake kira nikel, a hura masa iskar haidirojin. Iyakar iskar da ya sha, iyakar taurinsa. In an tsaya a rabin hanya, akan sami mai mai narkewa wajen digiri 35 zuwa 45. In an kai ƙarshe, sai ya zama kamar kyandir, ba ya narkewa sai wajen digiri 60 ko fiye.

Labarin nan ya shafi kakanninmu ƙwarai. Tun 1869 wani Bafaranshe ya ƙago botar talaka daga kitsen shanu, domin ta nono ta yi tsada. Da dabarar Normann ta bazu, masana'antun Ingila da Holan da Jamus suka koma neman man tsirrai ido rufe. A daidai wannan lokaci, cikin 1911, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Turawa sun sa rai auduga za mu noma, amma daga kakar 1912 manoman Kano suka rungumi gyaɗa, gama ta fi kuɗi. Dalar gyaɗar da ake ba mu labari, wadda attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka tara, da yawanta can ta tafi aka mai da ita bota da sabulu. Wato mun daɗe muna ciyar da wannan sana'a. Ba mu ce sana'ar haram ce ba. Masu burodi da biskit suna bukatar mai wanda zai tsaya cikin zafi, domin aikinsu aka yi shi. Tambayarmu ita ce, me ya kai shi cikin ƙwaryar man shanu?

Abin da ke faruwa in an gauraya

Ɗan ƙungiyar nan bai yi ƙarya ba. In an zuba mai mai tauri cikin man shanu, gaurayen zai jure rana. Ƙwayoyin man masana'anta sukan tsaya kamar tankar rufin ɗaki, su riƙe man shanun da ya narke a tsakaninsu, ido ya ga kamar ba abin da ya narke. Amma abin da rana mai digiri 40 ta kasa narkarwa, yaya baki mai digiri 37 zai yi da shi? Sai ya lafe a ganɗa kamar kakide, mutum ya yi ta goga harshe. A zuba shi a kan tuwo da miyar kuka, muddin da zafi ba a gane ba. Da tuwon ya fara hucewa sai a ga farin maiƙo ya daskare a gefen kwano. Ƙanshi ma ya ragu, gama ƙanshin yana cikin man nono ne, wancan kuwa an wanke shi a masana'anta har ba shi da wari ko kaɗan.

Mai gida zai ci sau ɗaya, ya ci sau biyu, a na uku ya tambayi uwargida inda ta sayo. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Maganar lafiya da doka

Akwai abin da ya fi ɗanɗano nauyi. Man da aka daskarar rabi da rabi yakan haifi wani irin maiƙo da likitoci ke kira tirans. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a irin wannan mai, kashi 25 zuwa 45 cikin 100 tirans ne. Aikinsa a jiki shi ne ƙara mugun kitse cikin jini, ya rage mai kyau, har jijiyoyin zuciya su toshe. A 2018 hukumar ta ƙiyasta yana jawo mutuwar mutum fiye da 500,000 a duniya kowace shekara, ta roƙi ƙasashe su raba abinci da shi. Ƙasar Denmak ce ta fara sa masa iyaka tun 2003. Amurka ta hana shi daga 2018. A nan Nijeriya, hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta tsara doka a 2022, aka buga ta a 2023, cewa kada tirans ya wuce giram 2 cikin giram 100 na mai.

Mu yi lissafi. A ce man da aka sayo yana da kashi 25 cikin 100, wato mafi ƙanƙanta. In aka zuba kashi ɗaya cikin uku kamar yadda aka ba da shawara, kowane giram 100 na gaurayen zai ɗauki giram 8 da 'yan kai. Ninki huɗu ke nan na abin da doka ta yarda. Su wa za su ci? Mai jego da aka ce a ba ta man shanu ta yi ƙarfi, yaron da ake sa wa cikin kunu, da tsohon da ake lallaɓa wa tuwo.

Gaskiya ne, masana'antu da yawa sun bar wannan hanya, sun koma ga sashen manja mai tauri da wasu dabarun da ba su haifar da tirans, sukan kuma rubuta a jikin kwali. Amma wanda ake yankowa a ƙulla a leda, ko a ɗebo daga bokitin da ba rubutu, wa zai gaya mana irinsa? Ko da ba shi da tirans, taurinsa a baki yana nan, algus ɗin kuma yana nan. Kada kuma a ɗauka mun ce man shanu magani ne da za a sha da ludayi. Shi ma kitse ne mai nauyi, har yana da ɗan tirans kaɗan na halitta. Mai hawan jini da mai ciwon zuciya su bi maganar likita. Cokali ɗaya a kan tuwo ya isa.

Amsa ga masu goyon bayan gaurayawa

Sun ce talaka ba ya iya sayen tsantsar man shanu, gauraye zai sauƙaƙa masa. In don talaka ake yi, a gaya masa abin da ke ciki, a rage masa kuɗi daidai da haka. Amma shawarar da aka kawo ba ta ce a faɗa ba, ba ta kuma ce a rage ba. Talakan da ya biya kuɗin man shanu ya tafi da bota, an taimake shi ne ko an cuce shi?

Sun ce ai Turawa ma suna gaurayawa. Haka ne. Tun 1969 ake sayar da wani gauraye a ƙasar Suwidin mai suna Bregott, man nono da man tsirrai. Amma ku lura da abu biyu. Su ruwan mai suke zubawa domin ya yi laushi, gama a firji suke ajiya, can kuwa bota takan yi tauri ta ƙi shafuwa a burodi. Na biyu, ba su kiransa bota. A ƙa'idar abinci ta duniya, abin da za a kira bota sai an yi shi da nono zalla, maiƙon nono ya kai kashi 80 cikin 100, ruwa kada ya wuce 16. Kowane gauraye da nasa suna, da bayaninsa a jiki.

Mutanen Indiya sun riga mu shan wannan wahala. Suna son soyayyen man shanu kamar yadda muke so. Daga 1937 aka fara sayar musu da daskararren man tsirrai mai kama da shi, ga araha. Ba a daɗe ba masu algus suka shiga zuba shi cikin na gaskiya, har mai saye ya rasa wanda zai amince wa. Sai gwamnatinsu ta kafa doka cewa dole masana'anta ta sa ɗan man riɗi cikin daskararren man, domin akwai wani ruwan gwaji da ke sa man riɗi ya yi ja. In an gwada man shanu ya yi ja, an kama ɓarawo. A ƙasar ce kuma masu shanu ɗaya ko biyu a garin Anand suka kafa ƙungiyar gama kai a 1946, wadda aka sani da Amul. Suna auna maiƙon nonon kowane mutum, su biya shi daidai. Yau tana cikin manyan masu sayar da nono a duniya. Da amincewar mai saye ta kai can.

Sun kuma ce kowa yana yi, in ba mu yi ba za a bar mu a baya. Ba kowa ba ne. Ba ma kuma son a ɗora wa wata ƙabila ko wata sana'a laifin, gama ga shi a taronmu aka kawo shawarar. Ku tuna halin ƙasarmu. Daga Minjibir zuwa Makoɗa, daga Dawakin Tofa zuwa Kunchi, gona tana jikin gona, saura ta ƙare, burtali ya matse. Shanunmu kaɗan ne. Saniyar Bunaji takan ba da lita ɗaya ko biyu a rana bayan ɗan maraƙi ya sha, maiƙon nononta kuwa wajen kashi 5 cikin 100 ne. Wato ko ba a yi asarar ɗigo ɗaya ba, sai an tara lita 20 kafin a sami kilo ɗaya na soyayyen mai, da kaɗin gargajiya kuwa sai an fi haka. Ba za mu taɓa yin gasar yawa da masana'anta ba. Abin da muke da shi wanda ba ta da shi, shi ne ƙanshi da suna. In mun zuba kayanta cikin namu, mun sayar da abin da muka fi ta da shi a kan kuɗin bokiti ɗaya.

Akwai kuma maƙwabtanmu Fulani. Su suke kwana da shanu a gonakinmu da rani mu sami taki, matansu suke kawo mana nono. In sunan man shanun Dambatta ya ɓaci a Kano, kuɗin ya faɗi, har da matar rugar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Gwajin da za a iya yi a gida

Na fari, a lakato kaɗan a sa a tafin hannu, a rufe da ɗaya hannun. Na gaskiya zai zama ruwa nan da nan. In an murza an ji wani abu kamar kakin zuma ya rage, akwai magana.

Na biyu, a sa kaɗan a harshe, a jira. In ganɗa ta yi nauyi bayan an haɗiye, akwai daskararren mai ko kitsen dabba.

Na uku, a zuba cikin kwalba mai haske, a tsoma ta cikin ruwa mai ɗumin da uwa ke yi wa jariri wanka, a bar ta kamar rabin sa'a. Soyayyen man shanu zai narke ya yi garau. Ɗanye zai narke, ɗan ruwa da farin nono su kwanta a ƙasa. In man da ke sama ya tsaya dishi-dishi, ko da gudaji a ciki, a tuhume shi. Ya fi kyau a jera da wata kwalbar ta man da aka tabbata da shi, a gwada tare.

Na huɗu, a narka kaɗan a ɗiga masa aidin na ciwo. In ya koma shuɗi mai duhu, an sa gari ko dankali ko rogo. Wannan gwaji ba ya kama mai, sitaci kaɗai yake kamawa. Abin da aka ɗiga wa aidin a zubar, kada a ci.

Amma mu yi hankali. Man rani ya fi na damina tauri, kada a yi wa mace sharri saboda haka. In kuma kaɗan aka zuba, ko aka haɗa da mai mai laushi, hannu da harshe ba za su gane ba. Wannan sai ɗakin gwaji, inda ake neman wani sinadarin da ke cikin man tsirrai wanda babu shi a man nono. Gwajin gida na tsare kai ne. Kada a tozarta kowa da shi a tsakiyar kasuwa.

Abin da muke roƙon ƙungiyoyi su yi

Asarar da matan nan suka yi gaskiya ce, ba za mu ce su yi haƙuri kawai ba. Amma maganinta yana hannunmu.

Da bazara a daina aika ɗanyen mai nesa. A soya shi. Ruwan da ke cikin ɗanye shi ke sa ya rabu, shi ke kuma sa ya canza wari cikin 'yan kwanaki. A ɗora a wuta kaɗan kaɗan har kumfa ta kwanta, ƙarar tafasa ta tsaya, abin da ya zauna a ƙasa ya yi ja-ja. A sauke kafin ya ƙone, a tace da tsumma mai tsabta. Wanda za a sayar, a tambayi mai saye ko yana son da albasa ko babu. Soyayyen mai ko ya narke a hanya bai ɓaci ba, yakan kuma yi watanni.

A zuba shi a busasshiyar kwalba mai murfin kirki, a cika ta, a ajiye a duhu. A guji gwangwani mai tsatsa da tukunyar tagulla, gama suna saurin ɓata mai. A bar shi ya huce a hankali, haka yake yin tsaki-tsakin da masu saye suke so.

Ɗanyen da za a sayar a kusa, a ajiye shi cikin tukunyar ƙasa wadda aka sa cikin wata babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, da jiƙaƙƙen tsumma a baki. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka, har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2000. Da bazara, lokacin da iska ta bushe, ta fi aiki. Lodi kuma a yi shi da asuba.

Ƙungiya ta zaɓi mata biyu masu karɓar mai, su gwada na kowa a gaban mai shi, har da na matar shugaba. A rubuta sunan ƙungiya da ranar suya a jikin kowace kwalba. A rubuta kuma cikin dokokin ƙungiya cewa wanda aka kama da gauraye za a mayar masa da kayansa, in ya sake a cire shi daga cinikin. In kaya ya yi yawa har ana son sa shi a kanti, a nemi rajistar NAFDAC.

Daga ƙarshe, a nemi masu saye na dindindin, a gaya musu tun farko cewa man nan zai zo musu a daskare da hunturu, ya zo a narke da bazara, gama ba a sa masa kome ba. Mai sayen da ya gane haka ba zai sake karya kuɗi don ya ga ruwa a kwalba ba.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taro na gaba, su zo da man shanu da ruwan ɗumi a gwada a gaban kowa. Wanda yake da ja a kan maganarmu ya rubuto, za mu buga. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa shanu nono.